Wasan Kwaikwayon da Ɗan Kallo ke Shiga Ciki: Yadda Ake Shirya Shi wa Mutum 12

A wasan kwaikwayon da aka saba, ɗan kallo kujera yake samu ya zauna, 'yan wasa suna can kan dandamali. A irin wanda za a yi bayani a nan babu dandamali sam. Gida ake shiryawa, a shigo da mutane kaɗan, su taka cikin labarin da ƙafarsu, su buɗe durowa, su karanta wasiƙa, ɗan wasa ya dube su ido da ido ya yi musu tambaya, amsarsu kuma ta canza abin da zai biyo baya.

Kamfanin Punchdrunk, wanda Felix Barrett ya kafa a Ingila a 2000, shi ya fi yaɗa salon. Wasansu Sleep No More da ya buɗe a New York a 2011, aka rufe shi a 2025, ya riƙa sakin 'yan kallo cikin gini mai hawa da yawa, fuskokinsu a rufe, kowa ya bi inda ya ga dama. Wannan sai mai ƙarfi. A 2012 kuma ƙungiyar Third Rail Projects ta fito da Then She Fell, mutum 15 kacal a kowane zama, kowa da hanyar da aka tsara masa tun kafin ya iso. 'Yan Rimini Protokoll na Jamus sukan saƙala wa mutane hedifon su zaga da su cikin gari, murya tana ba su umarni. Bahaushe ma ba baƙo ba ne a harkar: 'yan tashe har ƙofar gida suke kai wasa da azumi, kuma tun shekarun 1970 sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ke fita ƙauyuka yana haɗa wasa da mutanen gari.

Tsarin da ya dace da ƙaramar ƙungiya shi ne na biyu, wanda aka tsara wa kowa hanyarsa. A wannan tsari jadawali ne ƙashin bayan komai: wa ke ina, a wane minti. Na'ura daga baya take zuwa, kuma duk wadda ba a san abin da za a yi in ta mutu ba, kada ta shiga wasan.

Wuri tukuna, rubutu daga baya

Kada a rubuta ko layi ɗaya kafin a samu wurin. Ana buƙatar ɗakuna 3, da fili ɗaya da zai ɗauki kowa kamar tsakar gida ko falo, da zaure na tarbar baƙi, da wani lungu inda mai kula da na'urori zai zauna ba a ganinsa. Ɗaki mai tsawon mita 4 da faɗin mita 3 ya ishi 'yan kallo 4 da ɗan wasa ɗaya da kayan ɗaki. In aka cusa 6, na baya ba za su ga hannun ɗan wasa ba, kuma da zarar mutum ya daina gani ya zama ɗan rakiya.

Ranar farko a gwada yoyon sauti. Mutum ɗaya ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa ya yi magana da ƙarfi, wani ya saurara daga ɗakin da ke maƙwabtaka. Idan ana gane kalmomin, akwai matsala, domin sirrin da za a tona a ɗaki na uku zai riga ya fita tun ana na farko. Yawanci ta saman bango sautin ke bi, inda ɗakuna suka haɗa silin ɗaya, ko ta ƙarƙashin ƙofa. Bargo mai kauri a bayan ƙofa da tsumma a ƙasanta suna ragewa sosai. Abin da ya rage sai a rufe shi da wani sauti mai dalili a cikin labarin, kamar rediyo da ke magana ƙasa-ƙasa.

A lura da zafi. Jikin mutum a zaune yana fitar da zafi kusan wat 100, wato mutum 5 a rufaffen ɗaki kamar an kunna ƙaramar hita ce. Fanka dole ne, kuma a bar ƙofofi a buɗe a tsakanin zagaye.

Ma'aikata 7 ake buƙata: 'yan wasa 3 na ɗakuna, ɗan wasa na huɗu mai jagorantar baƙi, mai kula da na'urori, mai kula da lokaci da tsaro, da mai tarbar baƙi a zaure. Mutum 7 suna yi wa 12 hidima, don haka kuɗin tikiti ba zai taɓa yin arha ba. A yi lissafi a kan zama 3 a dare, kujera 36, amma a ɗauka kashi 70 cikin ɗari ne za su cika.

Jadawalin zirga-zirga

A raba mutum 12 gida 3, huɗu-huɗu: Ja, Kore, Shuɗi. Zagayen farko Ja na ɗaki na 1, Kore na 2, Shuɗi na 3. Zagaye na biyu kowa ya matsa gaba da ɗaki ɗaya, na uku ma haka. Kullum gefe guda ake juyawa, don kada rukuni biyu su yi karo a ƙofa.

Lokacin kuma ga yadda yake: minti 8 na buɗewa kowa yana tsakar gida, sai zagaye 3 kowanne minti 9, sai minti 15 na rufewa a tare. Akwai sauyin wuri sau 4, kowanne minti 2. Jimilla minti 58. A ƙara minti 10 na tarba a zaure kafin a fara, da minti 25 na mayar da kaya bayan an gama.

Wannan tsari yana da sharaɗi mai nauyi a kan marubuci. Tunda kowane rukuni da ɗakin da yake farawa, dole kowane fage ya tsaya da ƙafarsa, ko an gan shi da farko ko a ƙarshe. Ba za a ce a ɗaki na 2 "kamar yadda kuka ji ɗazu" ba, domin Kore ba su ji komai ba tukuna.

Abin da ya fi kashe irin wannan wasa shi ne ɗaki ɗaya ya gama a minti na 7, wani ya kai na 11. Sai ka ga mutum huɗu cirko-cirko a bakin ƙofa, labarin ya zube. Maganinsa biyu ne. Na farko, ɗan wasa ba zai riƙa kallon agogo ba, don haka a saka masa alama a cikin sauti: a minti 7 da rabi zakara ya yi cara, ma'ana a fara naɗewa; a minti 9 agogon bango ya buga, a buɗe ƙofa. Kada a yi amfani da kiran sallah a matsayin alama, ko da na naɗaɗɗen sauti ne. Bai dace ba, kuma wasu za su miƙe da gaske. Na biyu, kowane fage ya kasance yana da wani ɓangare mai kamar roba, na kusan daƙiƙa 90, wanda za a iya ja ko a yar ba tare da labari ya ji ciwo ba: ninke tufafi tare da baƙi, duba hotuna, zuba shayi.

A sa lokutan zama yadda babu wanda zai ratsa magariba ko isha.

Wane ne ɗan kallo a cikin labarin?

Wannan tambaya ce za a fara amsawa. Idan mutum bai san matsayinsa ba, sai ya daskare. A ba shi matsayin da ya riga ya iya, wanda ba ya buƙatar kwaikwayo. Misali: wani tela ya rasu, kuɗin amanar da aka ba shi ajiya ba a gan su ba, 'yan kallo kuma baƙi ne da suka zo gaisuwa. Kowa ya san yadda ake shiga gidan rasuwa, inda ake zama, abin da ake faɗa. Uwargida tana ɗaki na 1, yaron shago yana na 2, ƙanin mamaci yana na 3, kowannensu riƙe da sulusin gaskiya.

Shigar da mutane a hankali ake yi, mataki-mataki. Da farko kallo kawai, sai motsi, sai riƙe wani abu, sai zaɓi, magana ce ta ƙarshe. Wanda aka ce wa "me kake gani?" a minti na biyu zai yi murmushi ya sunkuyar da kai. Amma yaron shago ya miƙa almakashi ya ce, "Yaya, ɗan riƙe min wannan," babu mai ƙi. Bayan minti biyu ya juya ga wata ya ce, "Hajiya, don Allah duba min abin da maigida ya rubuta a nan, ni ban iya karanta rubutunsa ba." Ta karanta a bayyane, ba ta ma lura ta shiga wasa ba. Sai can wajen minti na 7 a kawo zaɓi, shi ma a rufe, abu biyu kawai: "Malam, kai da ka ga littafin nan, in kai wa uwargida ko in ɓoye?"

Zaɓin da ba ya canza komai yaudara ce, kuma mutane suna ganewa. Amma kowane zaɓi mai reshe biyu yana ninka aiki: zaɓi 3 sun zama hanyoyi 8, kowacce sai an yi mata atisaye. Dabara ita ce rassan su sake haɗuwa. Zaɓin cikin ɗaki ya canza abu ƙarami da ake gani, kamar yadda ɗan wasa na gaba zai tarbe su, babban zaɓi ɗaya tak a bar shi zuwa tsakar gida, da ƙarshe iri biyu.

Ta yaya ɗan wasan ɗaki na gaba zai san abin da suka zaɓa? Ba sai da waya ba. Yaron shago ya ba su ƙwaryar zare su kai: farin zare in sun ce a faɗa, baƙi in sun ce a ɓoye. Wanda ke ɗaki na gaba yana ganin zaren ya san layin da zai bi. Zare ba ya neman caji.

A rufewa, a kaɗa ƙuri'a da ƙwayar wake a ƙwarya biyu. Mutum 12 suna iya yin 6 da 6, don haka a bar ƙwaya ta 13 a hannun jagora. Mai son ya zurfafa a nan ya duba hanyar Augusto Boal na Burazil, wanda a shekarun 1970 ya tsara wasan da ɗan kallo ke tsayar da fage ya karɓi matsayin wanda aka zalunta ya gwada tasa mafitar. Yana aiki sosai, amma yana cin lokaci, kuma sai da jagora mai kaifin kai.

Kowane dare za a samu mutum iri uku. Akwai mai mamaye magana; a ba shi aiki: "Alhaji, tsaya min a bakin ƙofa, in ka ji tafiya ka yi gyaran murya." Ya ji an girmama shi, sauran sun samu sarari. Akwai mai barkwanci da ke son ya fasa wasan. Ɗan wasa ya ɗauki maganarsa da gaske a cikin labarin, ya amsa a taƙaice, ya wuce. Akwai kuma rukunin da zai yi tsit. Ɗan wasa ya ƙirga biyar a zuci, sannan ya yanke da kansa ya ci gaba. Shirun da ya wuce haka kunya yake zama.

Sauti

In kuɗi na abu ɗaya ne kawai, a sa shi a sauti. Kunne ya fi ido saurin yarda. Kamfanin Darkfield na Ingila a cikin kwantena yake wasanninsa, cikin duhu ƙirin, kusan komai ta hedifon yake zuwa.

Kada a yi amfani da Bluetooth. Jinkirinsa yakan kai kashi 1 zuwa 3 cikin 10 na daƙiƙa, bai zama ɗaya a kowace na'ura ba, kuma haɗa guda 12 da kwamfuta ɗaya ciwon kai ne. A nemi hedifon mai kama zangon rediyo, irin wanda ake rawar shiru da shi a wuraren biki. Yawancinsu tasha 3 gare su, kowace tasha da na'urar watsawarta, kuma fitilar jikinsu tana nuna ja, kore ko shuɗi. Ga rukunanka uku nan. A sayi 15, uku na ko-ta-kwana. A liƙe makunnin canza tasha da salatif, domin hannun mutane ba ya zama wuri ɗaya.

Kafin a saya a duba zangon. Na kasuwar Turai suna aiki a megahaz 863 zuwa 865. Na kasuwar Amurka suna wajen 915, wanda ya yi kusa da zangon 900 da wayoyin salula ke amfani da shi a Afirka, sai a riƙa jin ƙara. A kuma gwada su a cikin ginin da kansa: abin da aka rubuta a kwali na fili ne, bangon siminti mai rodi yana cinye shi. A ɗora na'urar watsawa sama da kai, a tsakiyar gidan.

Kwamfuta tana buƙatar akwatin sauti mai mafita 8: shida na tashoshi uku, hagu da dama, biyu na lasifikar tsakar gida. Manhajar da gidajen wasa suka fi amfani da ita ita ce QLab, amma a Mac kawai take aiki. Masu Windows suna iya amfani da MultiPlay. A jera umarnai yadda danna maɓalli ɗaya zai tayar da sautin ɗakuna ukun a tare a farkon kowane zagaye. Ta haka cara da bugun agogo za su faɗo lokaci ɗaya a ko'ina.

Abin da ke sa tsigar jiki tashi shi ne naɗin kunne biyu. Ana saka ƙananan makirfo biyu a kunnuwan mutum, ɗaya dama ɗaya hagu, a naɗi abin da yake ji. Mai sauraro da hedifon zai ji kamar a bayansa ake tafiya. Ga ƙa'idojinsa. A naɗa a ɗakin da za a saurara, mai makirfon yana zaune daidai inda baƙo zai zauna, yana fuskantar inda zai fuskanta, domin amon ɗaki yana cikin abin da ke yaudarar kunne. Kada ya motsa kai, kada ya haɗiyi yawu. Sautin gefe da na baya sun fi tasiri. Na gaba yakan rikice. Raɗa daga tazarar taƙi ɗaya zuwa biyu da kunne ita ce ta fi kowanne. A ajiye shi a matsayin WAV mai kilohaz 48, kuma kada a tura shi ta manhajar hira a waya, domin takan matse shi, wani lokaci ta haɗe kunnuwan biyu su zama ɗaya. A ɗaura jan zare a kunnen dama na kowane hedifon. Wanda ya sa nasa a juye zai ji ƙofa tana buɗewa ta inda bango yake.

Ba dukan wasan ake sa hedifon ba. Minti 2 zuwa 3 a kowane ɗaki ya isa, misali lokacin da muryar mamaci za ta zo. Sauran lokaci yana rataye a wuya. Ƙarfin sauti kuma kada ya wuce desibel 80. In mutum bai ji ana yi masa magana daga taku ɗaya ba, ya yi yawa.

Durowar da ke magana

A ɗauki durowar keken ɗinki a ɗaki na 2. Ana so baƙo yana jawo ta fitila ta dushe, murya ta tashi. Kayan haɗi: makunnin maganaɗisu irin na ƙararrawar ƙofa, ƙaramin allon ESP32 (wata 'yar ƙaramar kwamfuta mai Wi-Fi), ƙaramin batirin cajin waya, da rauta, wato na'urar da ke rarraba Wi-Fi. Maganaɗisun a jikin durowa, makunnin a jikin katako, tazararsu kada ta wuce santimita 1 in an rufe. Ƙafa ɗaya ta makunnin ta tafi ƙafar allon da aka rubuta wa GND, ɗayar ta tafi ƙafar shigarwa da aka saita a INPUT_PULLUP. Da an buɗe, allon ya aika saƙon OSC, wato gajeren umarni da QLab ke ganewa, zuwa kwamfuta ta rautar. QLab tana jiran saƙon a ƙofar sadarwa (port) mai lamba 53000.

Inda ake faɗuwa sananne ne. Makunni yakan yi rawa lokacin buɗewa ya aika saƙo sau biyar, don haka a sa allon ya jira kashi 50 cikin 1000 na daƙiƙa kafin ya yarda, sannan ya kulle kansa har zagaye na gaba, in ba haka ba yaro mai wasa da durowa zai ta da muryar mamaci sau goma. ESP32 na asali zangon gigahaz 2.4 kawai yake kamawa. Rautar ta zama ta wasan ce kaɗai, babu intanet, babu wayar kowa a kanta, kuma a ba kwamfuta adireshin da ba ya canzawa. Wasu batiran caji suna kashe kansu in abin da ake ja ya yi kaɗan. A bar shi a kunne na awa ɗaya a gani. In kuma katin RFID, irin wanda ake kara wa na'ura ta gane shi, za a yi amfani da shi, a san cewa mai karantawa irin RC522 santimita kaɗan yake kamawa, kuma ƙarfe yana toshe shi.

Gaskiyar magana, a makon farko ba a buƙatar ko ɗaya daga cikin waɗannan. A ba ɗan wasa madannin ƙararrawar ƙofa marar waya a aljihu. Baƙo ya jawo durowa, ya danna, mai na'ura ya ji ya saki sauti. Ɗan kallo ba zai bambance ba. Ko bayan an haɗa allon, a bar madannin a aljihun.

Fitilu 6 na LED sun isa, biyu a kowane ɗaki, ana sarrafa su ta DMX, wato layin waya da ke kai wa fitilu umarni, da manhajar QLC+ wadda kyauta ce. Layi ɗaya yana ɗaukar tashoshi 512. In kowace fitila tana cin 7, ta farko adireshinta 1, ta biyu 8, ta uku 15, haka har ƙarshe. A jera su ɗaya bayan ɗaya kamar carbi, kada a raba waya biyu, a toshe ta ƙarshe da abin tsayarwa mai om 120 tsakanin ƙafa ta 2 da ta 3. Fitilar da ke ƙyaftawa ba dalili, yawanci rashin wannan ne, ko an ja dogon layi da wayar makirfo.

Wutar lantarki

Kada a dogara da wutar gari ko na minti ɗaya. Komai ya hau inbata tun daga farko. Kwamfuta wat 60, rauta 10, na'urorin watsawa 10, fitilu 180, lasifika 60, fanka uku 180: wat 500 ke nan. Awa 4 sun zama wat-awa 2,000, da asarar inbata kusan 2,350. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana riƙe 2,400, amma na ruwa rabinsa ake ci in ana so ya daɗe, don haka biyu ake buƙata, kuma da ƙyar suka isa. A duba kwalin kayan da aka saya a sake lissafin. Inbata ta zama mai tsabtatacciyar wuta. Mai arha takan sa lasifika gurnani. Janareta in ya zama dole, a kai shi nesa, a waje, don ƙara da hayaƙi.

Yarda da tsaro

A zaure, kafin a shiga, mai tarba ya faɗi abubuwa biyar cikin minti 2, da bakinsa, ba a takarda ba: tsawon wasan, cewa akwai duhu da zancen mutuwa, cewa abin da haske ya faɗa a kansa ne kawai ake taɓawa, cewa 'yan wasa ba za su taɓa kowa ba, kada kuma a taɓa su, da cewa mai son fita ya ɗaga hannu, za a fitar da shi ba tambaya. A karɓi wayoyi a sa a jakunkuna masu lamba, ko a kashe su. A tambayi mutane tun wajen sayen tikiti ko suna son rukunin mata zalla ko na iyali, kuma kada a tsara fagen da namiji da mace za su keɓe a rufaffen ɗaki.

Ba a kulle ƙofa. Ko labarin ya ce an kulle, ƙarar makulli kawai za a ji. A watan Janairun 2019 'yan mata 5 masu shekara 15 sun mutu a garin Koszalin na ƙasar Foland, lokacin da gobara ta tashi suna cikin ɗakin wasan neman mafita da aka rufe. Kyandir na batir kawai, tukunyar kashe gobara a tsakar gida, tocila a aljihun kowane ma'aikaci, wayoyi a bi da su ta saman ƙofa. A zaɓi kalma ɗaya wadda duk ma'aikacin da ya faɗe ta wasa ya tsaya, a kunna farar fitila. In an karɓi lambobin waya don aika saƙo, a faɗi dalili, a goge su bayan an tashi; a Nijeriya dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shafi wannan.

Gwaji

Ba a atisayen wannan wasa da kujeru wayam, domin rabin fagen yana bakin baƙo. Bayan mako biyu na aikin 'yan wasa, a fara kawo 'yan gwaji, aƙalla sau 3, kuma kada su zama abokai kaɗai; abokai yabo suke yi. A nemo dattijo, da matashiya mai kunya, da wanda bai taɓa shiga gidan wasa ba. Mai kula da lokaci ya rubuta mintin da kowace ƙofa ta buɗe. Bayan an gama kada a tambaye su ko ya yi daɗi. A tambaye su: a ina ne ba ku san abin da ake so ku yi ba? Me kuka so ku taɓa kuka fasa? Wa kuke ganin ya ɗauki kuɗin, kuma a wane ɗaki kuka yanke haka?

Gwaji na ƙarshe na ɓarna ne, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ana tsakiyar zagaye na biyu a zare rauta. A wani zagayen a kashe hedifon ɗin mutum ɗaya, a ga daƙiƙa nawa za a ɗauka kafin a musanya masa. In ya wuce 20, a matso da na ko-ta-kwana cikin ɗakin. A kashe kwamfutar gaba ɗaya: jagora ya ɗauki ƙararrawar hannu ya buga lokaci, muryar mamaci kuma ta koma wasiƙa da ɗan wasa zai ciro daga aljihu ya karanta.

Mayar da kaya iri biyu ne. Na tsakanin zagaye ɗan wasa ne ke yi cikin minti 2, don haka kada ya wuce abu 5: durowa a rufe, littafi a ƙarƙashin ƙyalle, almakashi a kan tebur, zare biyu a aljihu, kofuna a tire. Na tsakanin zama kuwa, a ɗauki hoton kowane ɗaki yadda ya kamata ya kasance, a buga, a manna a bayan ƙofa. A goge hedifon da ƙyalle mai sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, a duba tasha da cajin kowanne, a sake saita allon durowa, a ƙirga wake 13. Duk takardar da baƙi ke taɓawa a yi mata kwafi 3 tun farko, a tsufar da su da ruwan shayi rana ɗaya, domin wani zai tafi gida da wasiƙar a aljihunsa ba tare da ya sani ba.